Zarena da Takardar Injiniya

Tun kafin wani ya zo da takarda, tun kafin in san akwai ofishin da ake yi wa dabara rajista, akwai abin da yake hana ni sakewa: aikin nan duka a kaina yake. In na kwanta ciwo, ko na tafi wankan jego gidanmu a Riko, wa zai dubi buhu ya san inda za shi? Ina da cikin fari lokacin, wata biyar, ina zaune a rumfata cikin tashar Jibiya ina kallon ƙusoshin da ke jikin katako, ina cewa a raina kwana arba'in fa ba kwana biyu ba ne. Wannan damuwar ce ta sa na yi abin da lauya ta ce ya rufe mini ƙofa. Shi ne kuma yau nake fatan ya fid da ni. Amma bari in fara da aikin, saboda 'yan matan da ke wucewa suna cewa Mai Zare, wato ni, ta samu na banza, zare kawai take ɗaurawa.

Ni mai karɓar saƙo ce. Mutum yana da kaya za su Maraɗi ko Ɗan Isa, shi kuwa ba za shi ba, sai ya kawo mini, in ba direba, direba ya tsallaka boda da su, mai su ya karɓa. Haka na can in za su shigo Katsina ko Kano. Faɗarsa ke nan a numfashi ɗaya. Yinsa kuwa, shekara goma sha biyu ina ciki, har yau in mota ta tashi sai na bi ta da ido har ta sha kwana.

Wajen Gwaggo Delu na koya, yayar babana. Shinkafa da wake take saidawa a bakin tasha, mutane suka saba ajiye kaya gefen tukunyarta saboda ba ta tashi. Ba ta yi boko ba, ni ma a aji huɗu na tsaya, kuma yawancin masu kawo saƙo da direbobin haka suke. Na Nijar da suka yi lakwal, bokon can, rubutunsu daban da namu. Don haka Gwaggo da ka take riƙe komai. Za ta dubi buhu ta ce na matar mai gyaran rediyo ne, za shi wajen ɗanta, a ba Isufu direban Maraɗi. Abin da ta fara koya mini ba ɗauri ba ne, buɗewa ce. Kowane kaya sai an buɗe shi gaban mai shi, in zura hannu har gwiwar hannu, in shinshina. Wanda ya ce sauri yake yi, shi za a fi bincikawa. Ta ce direban da kwastan ko 'yan duwan na Nijar suka sauke saboda kayanki ba zai sake gaishe ki ba, kuma yana da gaskiya. Na biyu, ta ce kada in ɓoye wa kowa yadda nake yi da kayan mutane. Wanda ya tambaya a gaya mishi, don kayan ba nawa ba ne.

Akwai wasu buhu biyu da ba zan manta ba. Farkon damina ne, an yi ruwan shuka. Duka daga Maraɗi suka zo rana ɗaya, farare, girmansu ɗaya, kowanne an rubuta Sani a jiki. Ɗaya irin wake ne na wani manomi a ƙauyen Kusa, ɗayan kanwa ce ta wani mai shago a Katsina. Gwaggo tana fama da zazzaɓi ranar, ta nuna mini da haɓa, ni kuma na ɗora. Waken ya tafi Katsina, kanwa ta tafi Kusa. Kafin a gano, a juyo da su, kwana tara sun wuce, ƙasa ta bushe. Manomin bai yi zagi ba. Ya zo ya tsaya gaban Gwaggo ya ce, “Hajiya, kanwa ba ta tsira.” Ya ɗauki buhunsa ya tafi. Gwaggo ba ta sake karɓar saƙo ba daga wannan satin, ta ce kanta ya gaji, in zan iya in ci gaba.

Ni na san kaina bai kai nata ba. Sai na nemi abin da zai riƙe mini.

Ga yadda yake, ku saurara, tunda kun ce sauƙi gare shi. Kayan aikina basilla ce, da almakashi, da zaren saƙa kala biyar, da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, da ƙusoshi. Kalar zare ita ce gari: ja Maraɗi, ruwan ɗorawa Ɗan Isa, shuɗi Madarunfa, fari Katsina, baƙi Kano. Da can kore nake sa wa Ɗan Isa, sai na lura wani tsohon direba ba ya raba shi da shuɗi in ƙura ta hau, kuma ba zai taɓa faɗa ba, sai na canja ban ce mishi komai ba. Ƙulli shi ne rana: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, haka har Asabar bakwai. Sannan ƙyalle. In yanke shi biyu a karkace, rabi in ɗinke jikin kayan, rabi in soke a ƙusa. Kowane direba da ƙusarsa. Mai saƙo zai kira ɗan'uwansa ya ce ja, ƙulli ukku, ƙyalle mai ganye. Wanda bai faɗi ukkun nan daidai ba, direba ba zai ba shi ba ko da kuka yake. In an karɓa, direba ya yanko zaren da ƙyallen ya dawo mini da su, in haɗa rabi da rabi, in cire daga ƙusa. Duk ƙyallen da ya kwana ukku shi kaɗai a ƙusa, akwai magana, ba na jira mai shi ya zo, ni nake fara kira.

A kunnen buhu ake ɗinkawa, ba a baki ba, don jami'i in zai buɗe baki yake farkewa. Zare mai zuba ba ya yi, ruwa ɗaya zai mai da fari ja, kayan Katsina su kwana a Maraɗi. Ƙyalle iri ɗaya ba ya fita sau biyu cikin sati guda, shi ya sa bayan Sallah nake wahala, gari duka atamfa ɗaya aka ɗinka. Ba wanda ya koya mini waɗannan. Kowanne sai da wani ya yi mini tsawa a kansa.

To, ga cikin nan yana girma. Wata Lahadi, ranar kasuwa, bayan la'asar, na roƙi direbobi da matan da ke saida abinci su tsaya mini kaɗan. Na shimfiɗa buhu a ƙasa, na jera zare, na yi musu bayani tun daga ja har baƙi, da ƙulli, da ƙusa, da maganar kwana ukku. Na sa kowa ya gwada. Isufu ya ɗaga wayarsa yana ɗauka, yana cewa a dubi malamar da ba ta gama firamare ba tana koyar da masu gemu. Aka yi ta dariya, ni kuma ina haki, ina riƙe da ƙugu. Bidiyon ya yi yawo a wayoyin mutane har Zinder, an ce. Na tafi Riko na haifi Nana, na yi arba'in ɗina ina tambayar duk wanda ya shigo daga Jibiya labarin ƙusoshi. Da na dawo, ko leda ɗaya ba ta ɓata ba. Ƙyallayen da aka haɗa suna nan cike da kwando, na kasa zubarwa, na cusa su cikin matashin Nana.

Shekarar da aka rufe boda ba ta da bayani mai tsawo. Motoci suka jeru a Magama, bakin boda, har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Wata tsohuwa ta kawo mini maganin hawan jini za a kai wa mijinta a Ɗan Isa, na riƙe shi sati biyu na mai da mata. Masu bin daji da babur sun zo sun ce in ba su saƙo, na ƙi, don ba zan soke ƙyalle a ƙusar mutumin da ban san ta inda zai bi ba. Na koma soya awara. Ƙusoshi suka yi tsatsa. Kowa ya sai da abin da zai iya, wayoyi ne suka fara tafiya. Isufu ya sai da tasa. Tawa Nana ta riga ta jefa ta cikin bahon wanki.

Da aka buɗe, cikin satin farko wani mutum ya zo da akwati za ta Maraɗi. Fari, mai gilashi, Hausarsa ta Kano, direbansa yana ce mishi Injiniya. Ya ga ina ƙulla zare ya tambaya, na gaya mishi. Ya ja benci ya zauna ya ƙara tambaya, na ƙara gaya mishi. Na sa aka kawo mishi fura. Har maganar tsohon direba da koren zare sai da na ba shi, yana dariya yana rubutawa a waya. Ban ga komai a ciki ba. Haka Gwaggo ta koya mini, kuma baƙo ne.

Bayan wannan da watanni Madam Rifkatu ta shigo cikin aikin. 'Yar Zuru ce, tana aikin kwamfuta a sakatariya, tana aika wa ƙanwarta kaya Kano duk wata. Ita ta ce abin da nake yi da ƙusa shi kwamfuta take yi, sai dai ita ba ta tsatsa. Ta zauna ranakun Asabar ta rubuta mini wata 'yar manhaja a sabuwar wayata. In ɗauki hoton ƙyalle, in taɓa kala, in taɓa ƙulli, in kwana ukku sun cika wayar ta yi ƙara. Ban bar ƙusa ba, don caji yana ƙarewa, amma na ji daɗinta. Lokacin na haifi Abba, ina aiki yana bayana.

Watan jiya Ciyaman na tasha ya aiko a kira ni. Na shiga ofis na tarar da Injiniya zaune, da wasu mutum biyu, da takarda mai jan tambari a kan tebur. Sun kawo manhaja ta kamfaninsu, da wasu takardu masu manne da ake liƙa wa kaya. Na karɓi ɗaya na duba. Layi mai kala a sama. Ɗigo-ɗigo a ƙasa, daga ɗaya zuwa bakwai. Zane a tsakiya, an raba shi biyu a karkace. Ja Maraɗi. Ɗan Isa ruwan ɗorawa.

Na ce, “Injiniya, me ya sa Ɗan Isa ba kore ba ne?”

Ya ce bincike ne ya nuna musu haka.

Ya yi bayani da ladabi, ban ƙi ba. Ya ce tsarin nan sun yi mishi rajista a Abuja, nasu ne, duk wanda zai yi aiki da kala da ƙirgen rana da rabin alama a harkar saƙo sai da izininsu. Ya ce zare kowa yana ɗaurawa tun zamanin kakanni, amma tsari daban ne, tsari aikin masu ilimi ne. Za su gina sabuwar rumfa, su sa ma'aikatansu, ni kuma in ina so za a duba ko za a ɗauke ni in riƙa liƙa takarda. Ciyaman bai dube ni ba. Ya ce ya san ina ɗaura zare tun ina yarinya, amma shi bai taɓa tsayawa ya duba ƙullin ba, kuma ba zai ja da tambarin gwamnati ba. Na ce ranka ya daɗe a ba ni lokaci. Ya ba ni Lahadi huɗu. In ban kawo abin da zai tsaya gaban takardar ba, rumfa ta tashi.

Madam ce ta kai ni Katsina wajen wata lauya da suke coci ɗaya. Na tafi da zarena a leda, da Abba a baya, da nufin in ce a yi mini irin takardar Injiniya, tawa ta fi tasa tunda ni na riga shi. Lauyar ta sa na yi mata aikin a kan teburinta tun daga farko. Ta daɗe tana juya ƙyallen a hannu. Sannan ta yi mini bayani a hankali, sau biyu, don na farko ban gane ba.

Ta ce takardar mallakar ƙirƙira ana ba da ita ne ga abin da yake sabo, wanda za a iya ƙerawa ko a yi aiki da shi a masana'anta. Da inji na haɗa, wanda zai dubi zare ya ware buhuna da kansa, da magana ta yi sauƙi. Amma nawa hanya ce ta jera bayani, wannan na nufin gari, wancan na nufin rana, kuma irin wannan masana doka kansu ba su gama yarda da juna ba a kan ko ana mallakarsa. Sa shi cikin waya kaɗai ba lalle ya mai da shi ƙirƙira ba. Abin da Madam ta rubuta nata ne kamar yadda littafi yake na marubucinsa, ba mai kwafe shi, amma wani zai iya zama ya rubuta nasa ya yi aiki iri ɗaya. Na ce to ta yaya shi ya samu? Ta ce a saninta ofishin ya fi duba ko takardu sun cika, ba ya zuwa tasha ya tambaya ko wata ta riga. Wanda aka ba, shi zai kare abinsa in an ja da shi. Ta kuma ce takardar tasa iyakarta boda, Nijar nasu tsarin daban. Wannan ya ba ni dariya duk da halin da nake ciki. Buhu yana tsallakawa, zarena yana tsallakawa, takarda mai tambari ta tsaya a Magama.

Sai ta tambaye ni ko na taɓa nuna wa wani yadda nake yi.

Na ce, “Barista, wa ban nuna wa ba? Har taro na tara. Har bidiyo aka ɗauka.”

Ta ajiye biro. “To, ƙanwata, ke kam ba za ki samu takarda ba. Abin da aka baje a kasuwa ya daina zama sabo.” Na fara tattara zarena, Abba ya farka yana ƙananan kuka. Ta dafa ledar. “Tsaya. In bai zama sabo gare ki ba, bai zama sabo gare shi ba. Ina bidiyon?”

Na ce wayar Isufu an saida, tawa kuma ta sha ruwa.

Ta ce manhajar Madam ba za ta taimaka ba, don ranar da ke jikin takardar Injiniya ta riga ta. Shaidar direbobi tana da amfani, amma za a ce mutanena ne, kuma sai an je kotu za a saurare su, kotu kuwa ni da ita mun san ba zan iya ba. Bidiyon da ya nuna tsarin duka, ni da bakina, da ranar da aka tura shi a jiki, shi ne abin da za ta haɗa da wasiƙa ta aika wa kamfanin, ta kuma ba Ciyaman kwafi. Ba ta yi mini alkawari ba. Ta dai ce mutumin da ya san inda ya samo abu ba ya son a kalli irin wannan gaban jama'a.

Na dawo gida na farke matashin Nana. Ƙyallaye suka zubo, ja da fari da ruwan ɗorawa, kowane biyu a haɗe, har na gane wasu, wannan na mai kai wa ɗiyarta daddawa ne, wancan na malamin da ke aika littattafai. Nana tana kuka an ɓata mata matashi. Na kai wa lauya hoto, ta ce suna da kyau, a ajiye, amma ƙyalle ba ya faɗin shekararsa. Na je wajen Gwaggo, yanzu ba ta gani sosai. Na ce mata ga inda rashin ɓoyo ya kai ni. Ta ce da na ɓoye, wa zai riƙe mini tasha ina jego? Ta ce in bar zama, in tashi in nema.

Ina nema. Isufu ya bi wanda ya sai wa wayar har Madarunfa, ya tarar an goge komai. Ya dawo yana cewa da ya sani da akuyarsa ya saida. Matan abinci ukku na tambaya, kowace ta ce ta gani, ta yi dariya, ba ta ajiye ba. Madam ta sa cigiya a wayarta. Duk motar da ta tsaya sai na leƙa in tambayi fasinjoji, wasu suna zaton bara nake yi. A tsakanin nan aiki bai tsaya ba, jiya ma buhu goma sha ɗaya na ɗinka, ina ɗinki ina kallon filin da aka auna don sabuwar rumfa. Lahadi biyu sun wuce.

Ni ba na neman a hana Injiniya aikinsa. Na riga na ji cewa dabarar ba za ta zama tawa a takarda ba, na haƙura, dama ban taɓa hana kowa ba. Ya liƙa takardunsa, in ɗinka zarena, mai kaya ya zaɓa. Abin da ban yarda ba shi ne a tashe ni daga ƙusoshina da sunan na ɗauki abin wani.

Don haka ga roƙona. In kana da tsohuwar waya a akwati, ko katin waya da ka cire ka ajiye, ko kina cikin wani zauren mata na waya da ba a goge tsofaffin saƙonni ba, don Allah a duba. Mace ce mai tsohon ciki, da shuɗin hijabi, durƙushe gaban farin buhu, ana jin muryar namiji yana tsokanarta da Hausar Maraɗi. In kun gani kada ku tura, lauya ta ce turawa tana canja ranar. Ku zo da wayar yadda take, ko ku gaya wa kowane direban Jibiya ya ce in zo. A tambayi Mai Zare a tasha. Kafin Lahadi ta sama.